Ranar da Fagge Ta Sa Takalmi

Da ƙafa tsirara na koyi ƙwallo, kamar kowane ɗan Fagge na zamaninmu. Tsumma muke dunƙulewa mu ɗaure da zare, mu tafi filin bayan layin dogo mu yi ta gwabzawa har a kira magariba. Tafin ƙafata ya yi kanta, ƙaya in ta same shi sai dai ita ta karye. Da na girma na samu aikin gyaran inji a reluwe, na shiga ƙungiyar ma'aikata, nan ma ba takalmi. Bandeji za ka naɗe idon sawu da shi, ka bar yatsu a waje, ka gama shiri ke nan.

Wani kawuna mai fataucin goro ne ya ja ni zuwa Kumasi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Na samu aiki a wani gareji, kuma ba a yi wata biyu ba wata ƙungiya ta garin ta ɗauke ni ɗan wasan tsakiya. A can na fara sa takalmin ƙwallo. Wanda bai ga takalmin wancan lokacin ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Fata ce mai kauri har saman idon sawu, bakinsa da tauri kamar ƙaho, ƙasansa an kafe shi da ƙusoshi. Kocinmu wani gajeren tsoho ne wanda bai san komai a Hausa ba sai "zauna" da "tashi". Ranar da ya ba ni nawa, sai ya sa na saka su na tsaya a cikin daro cike da ruwa. Daga nan ya miƙo mini kitse na shafe su, ya ce in yi mako biyu ina zuwa gareji da su, ina zuwa kasuwa da su, kafin in taɓa ƙwallo. Hausawan unguwar zango sun yi mini dariya har sun gaji. Amma ran da na shiga fili, takalmin ya riga ya san ƙafata, ƙafata ta san shi.

Shekara huɗu na yi ina buga musu. A ta huɗun wani ƙato ya faɗo mini a gwiwar dama, wasa ya ƙare mini daga ranar. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Tsohon ya riƙe ni a gefensa shekara guda ina koyon horar da 'yan wasa, har Inna ta aiko cewa ta gaji da jin labarina a bakin fatake. Na dawo Kano a tsakiyar shekarun hamsin, da ɗingishi, da akwati guda, da takalmina.

Na kafa ƙusa a bangon ɗakina na rataye su. Duk Juma'a sai na sauke su na goge na shafa musu kitse na mayar. Ba wanda ya isa ya taɓa. Inna takan leƙo ta ce, "Da kana shafa wa ƙafarka mai yadda kake shafa wa waɗannan, da fason nan naka ya warke tuni."

Reluwe suka mayar da ni aikina. Da yamma kuwa sai na koma tsohon filinmu, na tarar da wasu magidanta da samari suna buga ƙwallon da ta tsayar da ni. Akwai mahauta biyu, da masu wankin hula, da wani ɗan dako na tashar jirgi mai ƙirar ƙarfi wanda ba ya magana sai dole. Sai kuma wani tela siriri da ke buga gefen hagu, wanda ko a Kumasi ban ga mai ƙafa irin tasa ba. In ya ɗauki ƙwallo sai ka ce da zare ya ɗinke ta a yatsunsa. Na tambaye su da wa suke karawa. Suka ce da junansu. Gasar gari a filin Sabon Gari ake yin ta, ta akawuna ce da ma'aikatan kantuna da 'yan makaranta, Fagge ba ta ciki. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce da su, in sun yarda in horar da su, sai mun shiga gasar nan ko da rarrafe.

Sakataren kwamitin gasar abokina ne, Ibo ne haifaffen Sabon Gari, tare muka yi wasa a ƙungiyar ma'aikata, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu 'yan birni daɗi. Na same shi ran Lahadi a barandar gidansa, ya dawo daga coci. Shekarun baya kaɗan an yi tashin hankali tsakanin unguwannin nan biyu, kowa ya sani, ba kuma wanda ke son tada zancen. Shi ma bai tada ba, amma na ji shi a cikin maganarsa.

Ya ce, "Malam, gaskiya zan faɗa maka. Akwai waɗanda ba sa son ku shigo, dalili kawai suke nema. Yanzu kuma an kafa doka, ba wasa da ƙafa tsirara. Mutanenka sun taɓa sa takalmi?"

Na ce, "Za su sa."

"To, zan nema muku wasan gwaji guda ɗaya. Ba a ce sai kun ci ba. Mutum goma sha ɗaya za su shiga da takalmi, mutum goma sha ɗaya su fito da takalmi. Wani ya tuɓe a fili, ko ya fice, alƙali zai busa usur, zance ya ƙare. Kuma ba zan iya sake buɗe baki a kanku ba."

Na ce na ji, na gode. A lokacin ba canjin ɗan wasa, wanda ya shiga shi zai gama.

Akwai wani Alhaji mai cinikin goro da a zaurensa muke taruwa, mutum ne mai son a ambaci Fagge da alheri. Shi ya ɗauki nauyin takalman, ya sa aka yi oda a wani kanti. Suka iso saura kwana goma wasa. Kuma a ranar, kamar da gayya, aka ba ni takarda a wurin aiki cewa in bi jirgi zuwa Nguru gyaran wani inji, ba zan dawo ba sai safiyar ranar wasan.

Na tara su a zaure, na raba wa kowa nasa. Na yi musu bayani dalla-dalla kamar yadda tsohon nan ya yi mini: a jiƙa, a shafa kitse, a sa kullum. Tela ya taka keken ɗinkinsa da su, mahauta su je kwata da su, kowa ya je kasuwa da su, masallaci kaɗai za a tuɓe. Na maimaita sau uku. Duk suka ce, "To, Malam." Na hau jirgi hankalina kwance. Shekara biyar a ƙasar wasu ta sa na manta mutanena.

Ran wasa na sauka a tasha da hantsi, na yi wanka, na nufi zaure bayan azahar. Tun daga ƙofa ƙamshin turare ya tare ni. Na shiga na tarar an shimfiɗa tabarma, an jera takalma a kai suna ƙyalli. Wasu a naɗe cikin sabon ƙyalle, wasu an fito da su daga adaka, wasu ma takardar kanti tana nan cushe a cikinsu. Na ɗauki ɗaya na murɗa. Ko motsi bai yi ba.

Na ce, "Wa ya sa nasa?"

Can tela ya ɗago, da fara'arsa, yana ganin abin yabo suka yi. Ya ce, "Malam, ai mun gwada, sun yi mana daidai. Amma wa yake sa kayan sallah kafin ranar sallah?"

Kafin in sami bakin magana Alhaji ya gyara zama ya ce, "Kada ka ga laifinsu, ni na ce su adana. Yau za mu shiga Sabon Gari, ido zai yi yawa. In kai yara gaban mutane da takalma duk sun koɗe, a ce Fagge kwance ta samo? Dubi abin da wancan ya yi wa nasa."

Ya nuna ɗan dakon da ke rakuɓe a lungu. Shi kaɗai ya bi maganata. Kwana goma yana sauke buhunan gyaɗa a tasha da takalmin a ƙafarsa, sun yi baƙi, sun yamutse, bakinsu duk ya kurje. Ashe tun da na tafi suke masa tsiya, wai bai san darajar sabon abu ba, wai ya cinye sallarsa tun azumi bai raba ba. Har an yanke shawara in za a tafi a sa shi a tsakiyar ayari don kada a gani.

Ina da zuciya, ban taɓa musun wannan ba. Na faɗi maganganu a zauren nan waɗanda bai kamata a faɗa a gaban dattijo ba, daga baya sai da na koma na durƙusa na ba shi haƙuri. Amma ko a lokacin da nake faɗan na san ba wauta suka yi ba. Haka aka raine mu duka. Sabon abu na ranar taro ne, mai sa shi kafin ranar kuwa almubazzari. Ni da na san haka, ni ya kamata in je in zauna da Alhaji tun kafin in hau jirgi.

Saura awa uku. Na aika mahautan su kawo kitse, aka ɗebo ruwa a daro biyu, kowa ya sa takalminsa ya tsaya a ciki, Alhaji yana kallo yana salati a hankali. Tela ya kawo auduga da guntayen yadi muka naɗe dugadugai. Aikin mako biyu ba ya yiwuwa a awa uku, na sani, amma ban ga amfanin zama ba. Na je gida na sauke nawa daga ƙusa na saka. Na ƙudurta da su zan tsaya a gefen fili, don a san mai horarwar ya ga duniya.

Daga Fagge zuwa filin ba wata tafiya ba ce, titi kawai za ka tsallaka ka ɗan taɓa gaba. Kafin mu isa, rabinsu sun fara ɗingishi irin nawa.

Fili ya cika bayan la'asar. Mutanenmu sun tsaya gefe guda, mutanen Sabon Gari gefe guda, mata masu sayar da lemo da gyaɗa suna zagayawa tsakani. Alƙalin wasa wani malamin makaranta ne, Kirista daga wajen Zariya, ya bi layi yana duba ƙafafu. Waɗanda za mu kara da su akawunan kantuna ne, sun shekara biyu suna wasa da takalmi.

Ba na son tuna rabin farko, amma zan faɗa. Mutanen da na san suna juya ƙwallo da yatsa sun koma kamar an ɗaura musu tubali. A buga nan ta tafi can. Wani mai wankin hula ya kai ƙafa ya shuri iska ya zauna daɓas, fili ya ɗauki dariya. Aka zura mana ɗaya, aka ƙara, aka sake ƙarawa. Ɗan dako ne kaɗai ke gudu, yana tare nan yana tare can, shi da aka so a ɓoye. Ba don shi ba, da sai an rasa lissafi. Daga gefenmu kuwa aka fara ihu, "Ku cire! Ku cire ku nuna musu!" Na hango wasu 'yan kwamiti suna murmushi a kan benci, abokina sakatare kuma ya sunkuyar da kai.

Aka busa hutun rabin lokaci. Suka zube a gefen fili. Tela ya zauna ya fara kwance igiya. Da ya zare ƙafar, safar ta manne da jini tun daga diddige har yatsu. Shi ya fi kowa shan wuya, don shi ya fi kowa ƙin tsayawa.

Ya ce, "Malam, ka yafe ni. Ko ka bar ni in shiga haka, ko in fita. Wannan abin ba zai koma ƙafata ba."

Na san in ya fita, sauran ma sun fita. Na san kuma in aka rufe mana ƙofar nan yau, za a daɗe ana cewa an ba Fagge dama ta kasa sa takalmi. Ina cikin neman abin da zan ce masa sai idona ya faɗa kan ƙafata. Ga takalma nan masu laushi kamar safa, sun sha kitse shekara da shekaru, suna ƙafar gurgun da ba zai taka ƙwallo ba. Ni da na cika zaure da faɗa a kan masu adana takalmi, tun da na dawo me nake yi da nawa?

Ba zan ce abin ya zo mini da sauƙi ba. Su ne kaɗai abin da ya rage mini na Kumasi, da na lokacin da nake da gwiwa biyu. Na ji kamar in yi kamar ban gani ba. Sai na tashi na je wurin alƙali na tambaye shi ko an hana ɗan wasa canza takalmi. Ya ce shi dai takalmi aka ce ya duba, ba a ce masa na wane ba. Na dawo na zauna a ƙasa na kwance su, na cusa auduga a bakinsu don ƙafarsa ba ta kai tawa ba, na ɗaura masa da hannuna. Ya miƙe, ya taka, ya sake takawa, ya dube ni.

Saura tara. Babban mahaucin ya matso, wuƙar da ya yanko kitse da ita tana cikin jakarsa. Ya ce, "Malam, fata ce fa. In aka tsaga ta ta baya, inda take cizo, za ta saki." Duk muka juya muka dubi Alhaji, don nasa ne, kuma ko yini ɗaya ba su yi a ƙafa ba. Ya dubi takalman, ya dubi safar tela da ke yashe a ƙasa. Sannan ya kawar da kai ya ce, "Yanka."

Mahaucin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsagawa, muna ɗaurewa da igiya da guntun yadi. Na ce da su, "Ban ce ku ci ba. Ban ma ce ku yi gudu ba. Kowa ya riƙe wurinsa, ƙwallo ta zo ka miƙa wa na kusa. Wanda ya faɗi ya tashi. Wanda ya ji zai cire, ya dubo ni tukuna."

Na tsaya a bakin layi ƙafa tsirara. Ƙasar da zafi, kuma kantar nan tawa ta daɗe da bajewa, tsakuwa tana sukata kamar baƙo. Ban matsa ba. Duk wanda ya waiwayo sai ya gan ni a wurin.

An ƙara mana ɗaya. Mu ba mu ci ko ɗaya ba, kada wani ya gaya maka mun ci. Sau ɗaya tela ya yanke mutum uku ya buga ta daki turke ta dawo, wannan ne iyakar abin da muka samu. Amma dariya ta mutu. Ƙaramin mahaucin ya faɗi sau huɗu, a na huɗun na ga hannunsa ya kai kan igiya. Ya ɗago ya dube ni, na dube shi. Ɗan dako ya zo ya ɗaga shi kamar buhu ya tsayar da shi. Daga nan mutanenmu suka daina cewa a cire. Wata mai lemo daga can gefen ta ajiye tirenta ta fara tafi, wasu suka bi ta. Ni kuwa ba abin da nake yi sai ƙirga kawuna, in kai goma sha ɗaya in sake daga farko.

Da aka busa tashi, ba wanda ya zauna. Na riga na gargaɗe su. Suka jeru a tsakiyar fili, wasu sun dafa kafaɗar wasu, sakatare ya taso da 'yan kwamiti biyu ya bi layin a hankali yana duba ƙafafu, don kada wani ya ce an yi mana alfarma. Takalma a tsage, a ɗaure da tsumma, wasu jini ya ɓullo ta tsagar, amma duk suna ƙafa. Ya kai ƙarshe, ya iso inda nake, ya dubi tawa ƙafar.

Ya ce, "Malam, Allah ya so ka dokar ba ta shafi koci ba." Sai ya kama hannuna ya riƙe. "Ku zo ran Asabar ta sama."

Mun koma Fagge da takalma a rataye a wuya, ƙafa a ƙasa, Alhaji a gaba, ɗan dako kusa da shi. Na horar da ƙungiyar nan har gemuna ya fara fari, mun ci wasu, an ci mu wasu. Duk sabon ɗan wasa kuwa, ranar da ya karɓi takalmi, ɗan dako ne ke tsayar da shi a cikin daro.

Kashegarin wasan, da hantsi, tela ya yi sallama a gidanmu, yana takawa da gefen ƙafa. Ya kawo takalman a naɗe cikin farin ƙyalle, ya wanke su ya shafa musu mai. Na hagun ya buɗe baki daga gaba, ya ɗinke shi da zare mai kauri, ɗinki mai kyau. Ya durƙusa ya ce in yi haƙuri, in mayar da su wurinsu.

Na riƙe su na ɗan lokaci. Sannan na miƙa masa na ce ya sa su yanzu, a gabana, ya tafi shago da su, kuma in na biyo na tarar yana taka keke ba su a ƙafarsa, ni da shi ne. Ya sa, ya fita, ina jin ƙarar ƙusoshinsu a zaure har ya kai titi.

Na koma ɗaki na zauna ina kallon bango. Inna ta leƙo, ta dubi ƙusar, ta dube ni, ta wuce. Da yamma na dawo daga fili na tarar ta rataye faifanta a wurin.